Jan Akwatin Darasi na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya kira ni ofishinsa, ya juyo min fuskar kwamfuta ko zama bai ce in yi ba. Cikin mutum ɗari da ke fara darussan koyon wasanmu na Gadoji, saba'in suna gudu a darasi na huɗu. Darussan da ni na rubuta, goma sha biyu cif, wata uku ina fama. Wai ya ba ni zuwa Juma'ar makon gobe. In ba su daina gudu ba zai miƙa wa abokin aikina Dogo aikin, ni kuma in koma amsa koke-koken 'yan wasa.

Dogo! Mutumin da na cinye sau goma sha ɗaya a jere.

Wasan nan fa ba wani abu ba ne. Allo ne a waya, kogi a tsakiya, kowa da duwatsu tara, wanda ya riga jera gada zuwa ɗaya gaɓar shi ya ci. Darasi na huɗu tarewa ce kawai: abokin karawa na dab da gama gadarsa, gida ɗaya tak za ka sa dutse ka tare shi. In ka taɓa wani gidan, jan akwati ya fito ya ce "Kuskure! Sake gwadawa." Me ya fi wannan sauƙi? Mutane ne ba sa karatu.

Talata, 4 ga Maris

Dogo ya leƙo teburina yana tauna murfin biro. "Da kin bar su sun ɗan yi kuskuren mana." Na ce koyarwa muke yi ko shirme? Ya yi dariya ya wuce. Dariyar ce ta fi ƙona min rai.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ƙara bayani layi biyar, na sa ƙatuwar kibiya tana nuna gidan. Ko makaho ya gani.

Manaja ya ce in nemi wanda bai taɓa wasan ba ya gwada a gabana. Baba zan kama. Tun da ciwon baya ya sa ya rufe shagon ɗinki zaman kawai yake, ga Baffa, ƙaninsa da ke can nesa, kullum yana damunsa ya koya su riƙa karawa ta waya.

Asabar, 8 ga Maris

Raina a ɓace yake.

Da la'asar muka zauna da Baba a baranda. Ya sa tabarau, yana bin rubutun da babban yatsa kamar mai auna yadi. Darasi uku na farko lafiya lau, har yana cewa, "Uwata, ashe dai aiki kike yi a wurin nan." A na huɗu ya kalli allon ya daɗe, sai ya kai dutse can gefen kogi. Jan akwati. Ya sake kai shi wurin. Jan akwati.

Na ce, "Baba, ga kibiya nan fa."

Ya ce ya gan ta, can yake so ya sa.

Na ce ai can ba daidai ba ne, cinye shi za a yi.

"To a cinye ni mana in gani."

A karo na biyar na kama yatsansa na danna masa gidan. Waya ta yi ƙararrawar murna, taurari suka watsu. Ya kife ta a kan tabarma, ya cire tabarau, ya ce ni da wayar bakinmu ɗaya. Yana dafa bango zai shiga ciki na ce, ai shi ke nan, dama ba kowa aka yi wa wasan ba. Ban ɗaga murya ba. Amma ya ji.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya goge wasan daga wayarsa. Na ji shi a waya da Baffa: "Ƙyale ni, kaina ya tsufa." Baban da ke yanka riga ba tare da ya zana da alli ba.

Talata, 11 ga Maris

Masu gudu saba'in da biyu. Kibiyar ƙarin mutum biyu ta kora. Kwana uku suka rage.

Ina neman wayar caji a ɗakin ajiya na ci karo da buhun ƙyallayen Baba. A ciki har da 'yar rigar da na ɗinka ina shekara tara, hannun hagu a toshe, na ɗinke bakinsa ruf. Umma ta gani ta kama dariya. Wai Baba yana tsaye a kaina ina toshe shi, ta buɗe baki za ta yi magana ya ɗaga mata hannu. Sai da na sa rigar hannuna ya ƙi fita, na yi kuka na gaji, sannan ya miƙo min reza in warware. Ta ce, "Kin taɓa sake toshe hannu tun daga ranar?"

Ɗinki daban, wasa daban. Ban ma san me ya sa yake ajiye tarkace ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na cire jan akwatin. Kibiyar ma. Yanzu duk inda mutum ya ga dama ya sa dutsensa, abokin karawa ya gama gada a kan idonsa, sai ɗan maɓalli ya fito: "Koma baya?" Ba don maganar Dogo ba, dama ina da niyya.

Dogo ya gani, ya ajiye min kofin shayi ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Masu gudu talatin da ɗaya. Aikin yana hannuna. Manaja ya ce, "Kun yi ƙoƙari ku biyu." Ku biyu! Na haɗiye.

Abin da ya tsaya min a wuya: galibinsu sau uku ake cinye su a darasin, kuma ba sa tafiya. Wata uku ina hana mutane faɗuwa, ashe ita suka zo nema.

Lahadi, 16 ga Maris

Na bar wayata a kan keken ɗinkin Baba, darasi na huɗu a buɗe, na shiga kicin ina wanke kofin da ba shi da datti. Can na ji ya ce, "Kai! Ashe ta nan zai biyo." Sau uku aka cinye shi. A na huɗu ƙararrawa ta yi.

"Uwata, zo mu kara."

A dutse na shida ya nufi gefen kogi, wurin nan dai nasa. Hannuna ya fara tashi da kansa. Na zauna a kansa.

Na cinye shi. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce a sake. Mun sake sau biyar, na ƙarshen da ƙyar na sha. Ya kira Baffa ya ce ya shirya.

Ban ba shi haƙuri ba tukuna. Rubutun yau ya karkace, hannun har yanzu a sage yake.