Inna Ta Ɗauka Ita Yake Aiko Wa

Hajiya Baraka, don Allah ki taimake ni. Abin ya faro ne ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, ina zaune a zauren gidanmu a Faskari.

Kwamfuta na karanta, ban daɗe da gamawa ba. Na haɗa wata manhaja don manoma: duk wanda ya yi rubutu a shafin sada zumunta ya ambaci Faskari, Kankara ko Sabuwa, wani tsari da ke tsakani zai ɗauko rubutun, ya tace, ya jera a layi, ya zubo cikin manhajata. Labarin ruwan sama nake nema. Tsarin karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa.

A safiyar nan wani rubutu ya shigo, mai shi yana tambaya ko an yi ruwan shuka a Faskari, ko har yanzu ƙasar bayan dutse tana ƙamshin nan. Sunan na aro ne, amma hoton na Yaya Maharazu ne, wanda ya bar gida tun ina sakandare bayan saɓani da Baba. Baba ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa.

Na karanta wa Inna. Shi ne ɗan farinta, ba ta kama sunansa, ba ta taɓa tambayarsa a gabanmu ba. Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Washegari sai ta tambaye ni ko injina ya kawo wani abu.

Tun daga nan nake karanta mata. Yana rubuta hanyar Yankara ranar kasuwa, da dawa in ta yi kai, da furar da ya ce bai ƙara shan irinta ba. Ni ma sai in lumshe ido in gan shi yana tahowa ta gefen gona, yana kaɗe raɓa daga wandonsa.

Matsalar, Hajiya, ita ce Inna ta ɗauka ita yake aiko wa. A wurinta saƙo ba ya zuwa hannun mutum sai an aiko shi. Shi kuwa Yaya duniya yake rubuta wa, bai san muna gani ba. Jiya ta ajiye ƙunshin daddawa da busasshiyar kuɓewa kusa da kwamfutata, ta ce a ba mai kawo saƙon ya kai, ba ta faɗi wanda za a kai wa ba.

Ga abin da ban sani ba: garin da yake, ko ya ji rasuwar Baba, ko zai rufe shafin in na yi masa magana, ko Inna za ta iya ɗaukar gaskiyar.

Ƙanen Matafiyi, Faskari

AMSA

Ɗana, ka sanyaya zuciyar uwa, wannan ba laifi ba ne. Amma kullum ka bar ta a kan wannan fahimta, ranar da za ta gane sai ta fi zafi. Shi ma yayanka yana da haƙƙi, bai san ana karanta kewarsa a tsakar gidan da ya bari ba.

Ka fara da shi. Ka rubuta masa a keɓe, da hannunka, ba ta manhaja ba. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka amsa tambayarsa ta ruwan shuka. Kada ka faɗi rasuwa a rubuce, ka nemi lambarsa, ka sa wani dattijo na gidanku ya gaya masa. Zai iya rufe shafin, gaskiya ne. Sai dai wanda ke son ɓacewa ba ya rubuta sunan garinsu kowace safiya. In ya ce ka cire shi daga manhajar, ka cire.

Inna kuma kada ka jira amsarsa. Ka gaya mata cewa ba aike ba ne, amma duk abin da ka karanta mata shi ya rubuta, har maganar furar. Ba sai ta amsa ba, ka san ba za ta amsa ba.

Ƙunshin kuma ka adana shi inda damina ba za ta taɓa shi ba. Daddawa tana jira. Allah Ya sa kai za ka kai shi tashar mota.

Hajiya Baraka