Guntun da Na Kasa Gogewa

Adda Liyatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya unguwar Karewa, yaya yara, yaya ƙafar Mama? Ni lafiya ƙalau nake a Italiya, sanyin ma na fara sabawa da shi. Abincin ne dai ba ya shiga sosai, amma kar ki gaya mata.

Kin tambayi abin da nake karantawa. Lissafi ne a kan zane mai lanƙwasa wanda ya rabu guntu-guntu, guntayen suna taɓa juna a wasu wurare. Muna neman ninki mafi ƙaranci da za a yi masa ya kwanta a kan miƙaƙƙen layi.

Ran Talata ina gaban allo, malamina ya nuna wani guntu ya ce, "Wannan a wuri ɗaya kawai ya taɓa sauran. Goge shi, amsar ba za ta canja ba."

Adda, na kasa gogewa. Muryar ƙanenmu Absalom na ji, ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, yana ce wa Mama a waya, "Muna cikin daji, zan sake kira." Shekarun nan duka, wannan kiran kaɗai ya haɗa shi da mu. Malamin ya ɗauka ban gane ba ne, ya goge da kansa.

Don Allah ki riƙa sa wa tsohuwar wayar Mama caji da kati, kar a rufe lambar. Ita kaɗai Absalom ya haddace.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙanenki,
Sammy