Albam Uku da Sunan da Ba Na Faɗa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwarta, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ki cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Bronx, a Amurka, lafiya ƙalau muke. Sanyi ya shigo, bututun ɗumama ɗaki ya fara ƙwanƙwasar da yake yi duk shekara. Maigidana Malam yana nan yana fama da tasi, jikokinki samarin nan biyu duk sun fi ni tsawo. Takwararki kuwa, 'yata ta fari, ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta miki.

Ki gyara zama, Inna, don labarin zai ba ki dariya kafin ya ba ki haushi. Idan shekara ta zo ƙarshe, wayar hannu takan tattaro wa mutum abin da ya fi saurara, ta baje masa a fuska. Bana ta tona mini asiri a gaban yara. Bayan karatun Alƙur'ani, abin da 'yarki ta fi ji shi ne waƙoƙin da ake ce wa emo. Samarin suka yi ta dariya har ɗaya ya zamo daga kujera. Na bar su suka gama, don ni ko a jikina.

Bari in gaya miki ko mene ne. Wasu yara ne, galibi Turawa, da jita da ganga, suna rera abin da ke cin ransu ba sakayawa. Mutum zai fara a hankali kamar mai lallashin jariri, can sai ya kece da ihu kamar an taka masa ƙafa a kasuwar Kurmi. Akwai kuma danginsa, indi, wato waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu, a ɗakin kwana ko garejin uban wani suke naɗar abinsu. Da kin ji su na san me za ki ce: "Waɗannan wa ya mutu musu?"

Ni ma ba jin daɗi ya kai ni ba, leƙen asiri na je yi. Tun bara yarinyar ta daina zama da mu a falo. Ta dawo daga makaranta da abu a kunne, ta shige ɗaki, sai dai in jiyo ƙarar wata tsohuwar jita da ta samo wurin ƙawarta. In yi mata Hausa ta amsa da Turanci, shi ma kalma ɗaya tak. Hajiya Fati, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta tare ni a bakin lif ta ce in sa ido, wannan kiɗan na masu baƙin ciki ne. Da yake asusun jin waƙa ɗaya muke amfani da shi duk gidan, ina iya ganin abin da take ji daga tawa wayar. Sai na ce to, bari in ji abin da ke shiga kunnen 'yata.

Sunayen mawaƙan ba sa zama a kaina, da hoton bango nake gane albam, wato faifan waƙoƙinsu. Uku ne nawa na bana.

Na farko ina ce masa Mai Kare, saboda hoton wani kare da ya leƙo ta tagar mota. A jirgin ƙasa mai lamba huɗu na fara jin sa, daga tashar Burnside zuwa wurin aiki. Da farko ihu kawai nake ji, har na kusa cirewa. Amma wayar tana nuna kalmomin, Turancina kuwa aikin jinya ya ƙara masa kaifi. Ashe yaron labarin ubansa yake bayarwa: su yi doguwar tafiya a mota ba mai cewa uffan, idan ya buɗe baki zai yi magana sai uban ya ƙara muryar rediyo. Na ce ikon Allah, ashe su ma suna da gidajen da ba a magana. Na daina jin sa a matsayin ihu. Yaro ne da ya daɗe yana haɗiye magana, ya samu wurin amayar da ita. Har yau idan kwastoma ko shugabar aiki ta ɓata mini rai, shi nake sawa, in bar yaron ya yi ihun a madadina, ni kuma in sauka jirgi fuska a sake.

Na biyu Mai Lemo, hoton lemon zaƙi ne ɓararre a kan faranti. Wannan mace ce, murya ƙasa-ƙasa, kusan ita kaɗai da jitarta. Duk albam ɗin a kan kakarta ne da ta riƙa mantuwa har ta daina gane ta. Kin san aikina, ina kula da wata tsohuwa, Madam Rosa, wadda ita ma haka take. Ina taje mata kai ina sa mana shi a hankali, ita kuma tana buga yatsa a hannun kujera. Akwai inda mawaƙiyar take cewa ta koyi yanke wa kakarta farce ba tare da ta ji zafi ba. Ban taɓa zaton akwai wanda zai ga wannan aikin ya isa a yi masa waƙa ba. Kuma a nan ne na yi kukanki da ban samu na yi sosai ba. Ina nan ina wanke uwar wasu, ke kuma ƙanwata Hauwa ce ta yi jinyarki har ƙarshe. Na yi kewarki, Inna, kewa mai zafi, a gidan wata baƙuwa da mataji a hannuna.

Na ukun shi ne magana. A lokacin zafi albam ɗin ya bayyana a cikin abin da 'yata take ji, na duba hoton bango sai na ga matakalar ƙarfe ta bayan taga, da wani shuɗin bokiti an shuka tattasai a ciki. Bokitina ne. Tagar kicin ɗina ce. Ashe ita da ƙawayenta ne suka naɗi nasu albam a ɗakin ƙasa na gidan su ɗaya daga cikinsu, suka sa a intanet, duk ban sani ba.

Muryarta, Inna! Wallahi akwai taki a ciki, irin wadda kike yi idan kina tankaɗe kina 'yar waƙa a zatonki ba mai ji. Ina tsaye a jirgi ina murmushi ni kaɗai, har aka zo wata waƙa a tsakiya. Ga abin da take cewa, in mayar miki da Hausa: mamata tana kiran Rosa da sunanta, tana kiran ƙannena, tana kiran mai kantin ƙasa, har kyanwar maƙwabta ta san sunanta. Ni kuwa "ke" ce. Ko ta manta ne, ko kuwa ba ta son abin da ta haifa. Idan na tashi tafiya jami'a, garin da ya fi nisa zan zaɓa, inda kowa zai kira ni.

Ban san yadda fuskata ta koma ba, sai dai wani saurayi ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

Ke kin san gaskiyar maganar. Ita ce ta fari, ga shi babanta ya yi mini kara ya sa mata sunanki. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. A makaranta da sunan yanka suke kiranta, a gida babanta da ƙannenta suna ce mata Ummi, ni kuwa ko Ummin ba ya fita a bakina. "Ke, zo ki ci abinci." "Ina yarinyar nan?" Haka na gani a wurinki, don ni ma ta fari ce, kuma har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba.

Amma ni ban taɓa shakkar kina sona ba, ko na rana ɗaya. Ina shakka za ta fito? Duk layinmu a Fagge sun san karatun. Matan unguwa su nuna ni su ce, "Wai wannan 'yar wace ce?" ki sunkuyar da kai kina dariya, su kuma su ce mini, "Kin ga yadda take ji da ke." Tsokar da ta fi kyau ki ba Hauwa ki ce, "Kai wa yayarki." Ranar da zan taho ƙasar nan ba ki raka ni ko zaure ba, amma da na buɗe jaka a nan sai ga ƙullin yaji da daddawa a cikin ɗankwalinki da kika fi so. Gari guda ne yake fassara mini shirunki.

A nan wa zai fassara mata nawa? Ƙawayenta iyayensu suna kiran su a waya su rufe da "ina son ki" kamar sallama. Malam ya ce ya taɓa yi mata bayani cewa al'ada ce, ta ce masa wace irin al'ada ce za ta hana uwa kiran 'yarta. A ganinta kare ni kawai yake yi. Na yi tunani na ga ba ki yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Girmamawa ce, kuma a Fagge tana isa inda aka aike ta. A hawa na biyar a Bronx kuwa ba ta isa, kuma ba zan zauna in rasa 'yata ina riƙe da ita ba.

Yanke shawara daban, buɗe baki daban. Na gwada a banɗaki, na gwada a matakala, harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki turmi. Wata safiya na tsaya a ƙofar ɗakinta, na cika ƙirji da iska, abin da ya fito shi ne, "Ke, za ki makara."

Sai na ga sanarwa a shafinsu na intanet cewa za su yi wasa ranar Lahadi da rana, a wani ƙaramin kantin sayar da faifai a Brooklyn. Ban gaya wa kowa ba. Na yi azahar, na zura hijabina ruwan goro, na hau jirgi. Da kin ga wurin! Yara duk cikin baƙaƙen kaya, zobe a hanci, zobe a leɓe, gashi kore da shuɗi. Amma in faɗi gaskiya, suna da tarbiyya. Suka dare suka ba ni hanya, wata ta kawo mini ruwa, wani ya jawo mini kujera. Na ƙi zama, na tsaya can baya kusa da ƙofa.

Ta fito da ɗan mayafinta da jitar nan a wuya, ba ta gan ni ba. Da aka zo waƙar, sai na ji yaran sun ɗauka tare da ita. Sun haddace ta, Inna. 'Ya'yan mutane da ban taɓa gani ba suna rera maganar gidana da ƙarfi, wasu har da hawaye. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, alfahari kuma ya danne su duka, don yarinyar ta iya.

Aka gama tafi, wuri ya yi tsit, ta sunkuya tana gyara tsirkiyar jita. Ban shirya ba. Muryar da nake kiran samarin nan da ita daga taga, ita ce ta fito.

"Safiya!"

Sunanki ke nan, Inna, a bakina, a gaban baƙi. Ta ɗago kai da sauri tana dube-dube. Ta san muryar, amma ba ta taɓa jin ta ɗauke da wannan kalma ba. Da idonta ya faɗa kaina sai ta yi tsaye. Yarinyar da tun bara take amsa mini da Turanci ta matso kusa da abin magana, duk kantin yana ji, ta ce, "Na'am, Mama."

A jirgin dawowa na ba ta labarinki, da na tsokar nama, da na ɗankwalin. Ta ɗora kai a kafaɗata tun daga Brooklyn har jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa muka ga rufin gidajen Bronx. Maganar jami'a tana nan, wataƙila ta yi nisan, wataƙila ta zauna. Hankalina a kwance yake, don yanzu duk inda take idan na kira za ta amsa. Kullum sai na kira, wani lokaci ba wani dalili. Jiya ta leƙo daga ɗaki ta ce me zan yi miki, na ce ba komai, koma.

Na san da kina nan da kin ja mayafi kin rufe fuska kin ce, "Yarinyar nan Amurka ta lalata ta." Ba ta lalata ni ba. Ke kika koya mini cewa uwa takan san abin da ɗanta yake bukata ta kai masa, ko da ta hannun wani ne. Ni dai ba ni da Hauwa da zan aika.

Saura abu ɗaya, tunda yau ranar faɗar magana ce. Wayarmu ta ƙarshe, da Hauwa ta kara miki a kunne, kika ce, "Ke ce? To, Allah Ya yi miki albarka." Na san duk abin da ke cikin wannan "ke" ɗin, kuma ya ishe ni. Amma da na ga fuskar jikarki a kantin nan, na gane ni ma na so in ji nawa a bakinki, ko sau ɗaya. Ba ƙorafi nake ba. Ina son ki, Inna. Ga shi na faɗa, yaran nan masu ihu sun koya mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan kowace tsoka da kika aiko mini. Allah Ya raya takwararki, Ya tsare mata imaninta da muryarta. Ya haɗa mu a inda ba rabuwa, in yi sallama ki ɗago kai, ki kira ni da duk abin da kika ga dama, zan amsa.

Taki har kullum,
'yarki ta fari,
Bilkisu