Burkutun Maigidana Ya Zubo wa Maƙwabciyata

Anti Rumasa'u, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji. Na san ke Musulma ce, kuma abin da na zo da shi ba irin wanda kika saba gani a wannan fili ba ne, amma na rasa wanda zan faɗa wa. In na kai wa matan zumunta na cocinmu, kafin Lahadi kowa ya ji.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, shekarata goma sha ɗaya a garin Wheaton, nan ƙasar waje. Aikin kula da tsofaffi nake yi, in fita shida na safe, in dawo huɗu na yamma ƙafafuna a kumbure. Maigidana, bari in kira shi Katung, direban motar kai kaya ne. Ba mashayi ba ne, kada ki ɗauke shi haka. A shekara bai fi ya sha kwalba biyu ko uku ba, shi ma sai a wurin biki. Ni kuwa ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba.

Bara a watan Maris mahaifiyarsa, Mama Atine, ta rasu. Bai samu zuwa jana'iza ba, domin takardunsa ba su fito ba, in ya fita ƙasar nan ba zai iya dawowa ba. Ta waya ya ji ana waƙa a bakin kabari. Mama burkutu take dafawa tun yana goye, da shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Bayan wata shida da rasuwar sai ya ce mini idan ta cika shekara zai tara 'yan garinmu da ke nan, kuma da hannunsa zai dafa burkutun da za a sha, irin nata. Na ɗauka magana ce kawai.

Sai ga shi da buhun dawa daga shagon 'yan Afirka. Ya jiƙa ta, ya shanya a bahon wankanmu har ta yi tsiro, kwana huɗu ni da 'yarmu muna wanka da bokiti a tsaye a gefe. Ya sayo wata ƙatuwar kwalba ta gilashi mai cin lita ashirin, da wani ɗan abu na roba da ake cusawa a bakinta, a zuba masa ruwa, wai iska ta riƙa fita ta ciki ba tare da wata ta shiga ba. A gida Mama a buɗaɗɗiyar randa take yi a tsakar gida, in kumfa ta zuba ƙasa ta shanye. Mu a hawa na uku muke, kuma yana tsoron wari ya bi ƙofofin mutane, shi ya sa yake toshewa. Yana cika kwalbar har wuya, wai ba ya son asara. Yana zuba yis na burodi fakiti biyu. Sannan ya ajiye ta a ɗan kabad ɗin da muke rataye rigunan sanyi, jikin bututun hita mai ɗumama gida, wai a gida da zafi ake yi.

Na farko a Nuwamba ne. Na dawo aiki na tarar murfin ya yi sama, kumfa ja ta manne a silin, tana ɗiga kan rigunanmu. Ni na goge, shi yana hanyar Baltimore. Har yau rigar sanyina tsami take yi in na shiga bas.

Na biyu ne abin da ban faɗa wa kowa ba. Don kada murfin ya sake tashi, sai ya naɗe shi da salatif. Washegari da rana na ji kwalbar tana wani irin huci. Na rufe fuskata da tawul, na yanke salatif ɗin, na juye komai a masai. Da ya dawo na ce masa ya sake fashewa ne. Ya zauna a bakin gado ya daɗe. Anti, a ranar na ji daɗi, kuma har yanzu ina jin kunyar daɗin da na ji.

Saboda ƙaryar da na yi, a na uku sai ya ninka salatif ɗin. Ranar Talata, duk muna waje, kwalbar da kanta ta tarwatse. Na ciro gilashi a jikin ƙofar kabad, daidai tsayin fuskar 'yata. Ruwan ya bi ta ƙasan kafet ya sauka hawa na biyu.

Wadda ke ƙasanmu Hadisa ce, 'yar Kumasi, Musulma. Ita take riƙe mini yarinya in ta taso makaranta, shekara biyar ke nan, ko godiya ba ta so. Kabad ɗinta yana daidai ƙarƙashin namu, kuma a ciki take ajiye sallayarta da hijabanta da fararen kayan da ta tanada don zuwa Umara. Na sauka na ce mata kunu ne ya zube. Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, na taso kusa da masu dafa pito, na san warinsa." Pito shi ne burkutun wajensu. Har yanzu tana karɓar yarinyar, amma a bakin ƙofa take miƙo mini ita, ba ta cewa in shigo.

Manajan gidan ya ba mu takardar gargaɗi, in aka sake za mu tashi. Saura mako uku taron. Jiya na ga sabuwar kwalba a bayan motar Katung, ya lulluɓe ta da bargo. Ba na son in hana shi makokin uwarsa, ba na kuma son in rasa gida da maƙwabciya. Ko faɗa ba ni da ƙarfin yi. Akwai yadda ake yin abin nan bai fashe ba? Ko in ce ya zaɓa, ni ko kwalbar?

Taki,
Wadda ta gaji a Wheaton

*

'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya. Gaskiyarki, ni ba na sha, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba, na kuma san wasu masu karatu za su rubuto su yi mini faɗa. Amma gilashi ya tarwatse a gidan da yarinya take, wannan ya isa in amsa miki.

Da yake ba fannina ba ne, na tambayi wani tsohon abokin karatuna, Jerome, wanda ke aiki a ɗakin gwajin abinci. Ya ce duk abin da mijinki ya yi don gudun matsala shi ne ya jawo ta. Idan yis ya fara aiki yana fitar da iska mai yawa, iskar tana ɗaga kumfa, kumfar tana ɗauko ɓurɓushin dawa ta toshe ɗan ramin da iskar ke bi. Daga nan ko murfi ya tashi, ko kwalba ta fashe. Saboda haka salatif ya fita daga maganar har abada, abin da ke tashi ba a ɗaure masa baki. Ya bar gilashi, ya nemi bokitin roba mai faɗi irin wanda ake zuba abinci, ya huda murfinsa ya cusa ɗan abin robar nan, kada ya cika shi, ya bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu babu komai. In ruwan ya yi yawa ya raba gida biyu. Ya tace sosai kafin ya zuba, ya bari ya huce, yis kuma fakiti ɗaya ya wadatar. A kwana ukun farko, lokacin da abin ya fi ƙarfi, ya cire ɗan abin robar nan, ya sa tiyo mai kauri a ramin murfin, ɗaya bakin tiyon ya nutsa shi a wani bokiti mai ruwa da ke ƙasa, kumfar da ta taso can za ta tafi. Ya riƙa duba tiyon safe da yamma kada ya toshe. Ya nisanta shi da hita, zafi ne ke haukata yis, wuri mai sanyi-sanyi ya fi. Kada kuma ya ɗura a kwalabe ya rufe alhali yana kan tashi.

Wannan ke nan. Amma ko da ya bi duka, ban yarda a sake yi a gidanku ba. Kuna da takardar gargaɗi, kuma a ƙasanku akwai baiwar Allah da ke salla. Cikin 'yan garinku da za su zo taron ba za a rasa mai gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba. Ya kai kayansa can, ya nemi wani dattijo ko dattijuwa da ta san aikin ta tsaya masa. Ina jin zai fi samun sauƙin zuciya in yana yi da wanda ya san Mama Atine, maimakon shi kaɗai a cikin kabad.

Kada ki ce ya zaɓa. Mutumin da bai ga an binne uwarsa ba yana neman abin da zai yi mata da hannunsa ne, ba gasa yake da ke ba. Shi ma yana da laifi, ya bar miki gugar silin, ya ɓoye sabuwar kwalba, kuma dole ya ji wannan daga bakinki. Amma ki fara da naki. Ki gaya masa ke kika zubar da na biyun, da dalilinki. Tsoronki daidai ne, ƙaryar ce ta ɓata shi. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji, zai wuce.

Ita kuwa Hadisa, a ganina ba burkutun ne ya hana ta cewa ki shigo ba. Mu a wajenmu wanki yana tsarkake kaya. Abin da ya tsaya mata shi ne bayan shekara biyar kin dubi idonta kin ce kunu ne. Ku sauka ku biyu, da rana, shi ya yi bayani da bakinsa, ya faɗa mata labarin mahaifiyarsa, ya tabbatar mata ba za a ƙara ba. Ke kuma ki ce kin yi ƙarya don kunya. Ku tambaye ta abin da take so a yi da kayan, kada ku yanke mata. Matar da har yau take karɓar 'yarki ba ta rufe ƙofa ba.

Ranar hutunki mai zuwa kuma kada ki goge komai, ki ɗaga ƙafafun nan ki huta. Allah ya ba Katung haƙurin rashi, ya fito masa da takardunsa ya je ya ga kabarin mahaifiyarsa, ya kuma zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku.

Anti Rumasa'u