Baba Ya Ce In Kashe Rikoda, Ban Kashe Ba

Salama gare ku, mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Malamar firamare ce ni a Romi, ina digiri na biyu. Bincikena a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne na Makera, yadda rayuwa ta yi da su bayan an rufe kamfanoni. Jama'a, na ga ta kaina! Duk babin da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya dawo jajawur da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Kullum maganarsa ɗaya: “Madam, wannan kowa ya sani, ina sabon abu?” Waɗanda muka shiga tare duk sun gama, ni kuwa jami'a ta ce wannan zangon ne na ƙarshe, in gama ko in kama gabana.

Cikin waɗanda na yi hira da su akwai wani dattijon cocinmu, aminin marigayi babana, bari in kira shi Baba Yohanna. Muna tsakiyar hira sai ya nuna wayata ya ce, “Ɗiyata, kashe abin nan.” Na ce, “Na kashe, Baba.” Ƙarya nake, kifa ta kawai na yi. Sai ya fashe da kuka. Ya ce lokacin da suka shirya yajin aiki, shi ne ya kai wa manajoji labari don tsoron kada 'ya'yansa su kwana da yunwa. Aka kori duk jagororin ban da shi, kowa ya ɗauka sa'a ce ya taka. Ya ce, “Har yau benci ɗaya muke zama da su a coci, muna cin jibin Ubangiji tare. Ko matata ba ta sani ba. Ke ma don kin zama 'yata ne.”

Me ya kai ni? Na kwashe maganar tsaf na zuba a babi na huɗu. Na canja suna, amma wa zan ruɗa? Jagora ɗaya ne ba a kora ba, kuma duk tsofaffin Makera sun san shi. Ranar da malamin ya karanta, ko ɗigon ja bai sa ba. Miƙewa ya yi ya ce, “Yauwa, yau kika fara bincike!” Kunyar faɗa nake, amma a cikin keke har waƙa na rera, na sayo wa yara tsire.

Da hankalina ya dawo na koma na ce, “Malam, zan cire wurin nan.” Ya cire tabarau ya ce, “Shi ne ƙashin bayan aikin. Ki cire, ki nemi wanda zai sa miki hannu.” Ta yaya zan ce masa satar maganar na yi? Ai korata za a yi. Ga ranar kare kundin ta matso.

Lahadin nan bayan an tashi sujada, Baba Yohanna ya riƙo hannuna ya kira Baba Ɗanladi, ɗaya daga cikin waɗanda aka kora, wanda 'ya'yansa suka bar makaranta saboda korar. Ya ce masa da fara'a, “Ga wadda ta rubuta tarihinmu. In ta gama, za ta kawo littafin a karanta mana a zumuntar maza, daga farko har ƙarshe.” Baba Ɗanladi ya dafa kaina ya sa mini albarka.

In na cire, wahalar shekaru ta tafi a banza. In na bari, na tsire tsohon da ya kira ni 'yarsa a gaban mutanen da ya cuta. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne, shi tsoron yunwa ya sa ya sayar da abokansa, ni kuwa tsoron jan biro.

Jama'a, me zan yi?