Direban da Ya Ɗauko Inna Daga Filin Jirgi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Hadiza da yara? Mu nan lafiya lau.

Inna ta dawo daga Umara. Jirginsu ya sauka tun ba mu bar gida ba, sai ta shiga tasi ita kaɗai. Ta ce wa direban ba za ta taka Gawon Nama ba sai ta yi ziyara a Hubbare. Dattijon kirki, ya kai ta, ya tsare mata kaya, ya jira ba ƙorafi. A ƙofar gida ya roƙi kurɓin zamzam, don matarsa tana kwance.

Inna ta miƙa masa gorar da ta ware maka. Ka yi haƙuri, ka sa matar a addu'a. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u