Jar Wayar da Ka Bari a Motarka, Yaya Isufu

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan rahamar Allah ta lulluɓe ka inda kake. Na san wasiƙa ba ta isa can, amma ko da kana raye ba ka cika amsa tawa ba, don haka ban ga abin da ya sake ba.

Labarin motarka zan ba ka, tsohuwar kat-san-kat ɗin nan da ta girmi 'ya'yanka duka. Tun rasuwarka take ƙarƙashin itacen bedi a Sabon Gari, ɓeraye na kiwo a wayoyinta. 'Yan'uwa suka zauna suka yanke a sayar wa masu awon ƙarfe. Inna ta juya fuskarta ga bango. Na roƙi alfarma ɗaya: in motar ta kai Inna Tsibiri wurin ƙanwarta ta dawo da ita, a bar ta. In ta kasa, a kira masu sikeli.

Na kira mai gyaran lantarki, ya yi aikinsa tsaf. Ya canza abin da ɓeraye suka ci, ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Fitilu suka kama. Har odar da ta mutu tun kana saurayi ta farfaɗo.

Na ɗauki hanyar Jiratawa don gwaji. Ban yi nisa ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe, 'yan kabu-kabu na wucewa suna yi mini sannu da shayi.

Muka wanke radiyata. Muka sake murfinta. Muka kwance famfon ruwa, lafiyarsa lau. Duk wanda ya leƙa sai ya ce ai fanka na juyawa, ba daga nan ba ne. Na karanta littafin motar da Faransancinsa har na fara jin tausayin wanda ya rubuta shi.

A gwaji na ƙarshe ta sake tsayar da ni a bakin hanya. Na fito na tsaya a gabanta, injin na aiki, na rasa abin yi. Sai na ji iska mai zafi na dukan ƙwaurina, rigata na kaɗawa baya.

Nan na gan ka, Yaya. A daidai wurin kake tsayawa da safe, babbar rigarka ta manne a hancin motar, kana fizgewa kana cewa, "Ka gani, har rigata take so." A wurinka jan iska take ciki. A wurina turo ta take waje.

Fankar nan ba tata ba ce ta asali. Kai ka ciro ta daga wata matacciyar mota ka dasa da hannunka, da guntayen wayar da ka samu: jar ka ɗaura a jikin ƙarfe, baƙar ka kai wa batir. In an yi maka magana sai ka ce, "Wuta ba ta san launi ba." Mai gyara ya bi littafi, bawan Allah, bai yi laifi ba. Ita kuwa motar kai take bi.

Na mayar da kuskurenka yadda ka bar shi. Allura ta zauna a tsakiya kamar alƙali.

Ran Juma'a na kai Inna. Duk hanya faɗa take mini, wai ban iya sa giya ba. Da muka dawo na buɗe mata ƙofa, ba ta shiga gida ba. Ta dafa motar da tafin hannu, ta daɗe. Ka san kai ne ɗan farinta, tun da aka haife ni "wancan" nake ji tana ce maka. Ran nan ta kira sunanka, a hankali, sau ɗaya. Ba wanda ya ƙara tada maganar sikeli.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Yaya. Ya dubi inda wayoyinka suka nufa, kada Ya dubi launinsu. Ya haɗa mu a inuwar da ba ta gushewa.

Ƙanenka da har yau bai iya sa giya ba,
Habu